Kunyar Alƙali

Almakashi ake ce masa, kuma ba don sana'arsa kaɗai ba. Gaskiya ne aski yake yi, a shagon da ya gada wurin mahaifinsa, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Amma almakashin da ya fi kaifi a shagon nan a bakinsa yake. In ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama maka gefe ɗaya ka ji wanda ke rina furfura, da wanda sanƙo ya fara ci ta baya, da wanda matarsa ta ƙwale da ludayi. Kana tashi kuma wanda ya zauna bayanka zai ji naka. Mutane na zaginsa suna dawowa, don hannunsa akwai daɗi.

Bakin nan ne ya ja wa 'yarsa Auta baƙin ciki. Auta na auren ɗan wani tsohon alƙali, dattijo mai shiru-shiru, wanda ko a tsakar gidansa ba a ganinsa ba hula. Wata rana dangin ɓangarorin biyu suka haɗu a gidan alƙalin, ba a daɗe da rasuwar matarsa ba. Falo ya yi tsit, shi kuwa Almakashi shiru ƙaiƙayi yake sa shi. Sai ya dubi surukin nasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kam hular nan da ita aka haife ka ne? Ko wani abu aka binne a ƙarƙashinta?"

Shi kaɗai ya yi dariya. Alƙali ya ajiye kofin shayinsa, ya tashi ya shige ciki, kuma tun daga ranar gaisuwa ma da ka yake amsa masa. Almakashi ya koma shago ya manta. Auta ce ta zauna da abin, don ita ce ke kwana ta tashi a gidan, dangin miji na ce mata 'yar mai baki. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, domin duk duniya ba abin da yake so kamar yarinyar nan.

Shi ya sa ranar da ta zo da albishir sai da ta haɗa da roƙo. Alƙali na da ɗan gidan hutu a ƙauye, ɗaki biyu da baranda da lambu a baya. Ya sallami mai kula da lambun, ya kuma yarda iyayenta su je su huta na 'yan kwanaki, su riƙa duba masa shukoki kafin ya samu wani.

"Baba, don girman Allah," in ji ta, tana riƙe da hannunsa. "Wannan ƙofa ce ya buɗe mana. Kada ka rufe ta da bakinka."

Suna cikin mota a hanyar ƙauyen wayarsa ta yi ƙara. Alƙali ne da kansa. Layin na yankewa, murya na zuwa guntu-guntu.

"Gida naku ne, ku yi yadda kuke so. Abu ɗaya nake roƙo. In ka shiga lambu, ka kula mini da kunya. Wancan da na sallama bai san darajar kunya ba, tattake ta ya yi ta yi. In na zo, ita zan fara dubawa."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Almakashi, har da russunawa a cikin mota, kansa ya bugi kujerar gaba.

To, duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san abin da dattijon ke nufi, wato tudun ƙasar nan da ake jerawa layi-layi a yi shuka a kai. Amma Almakashi haifaffen birni ne, ubansa da kakansa duk kan mutane suka nome. Kuma mutumin da aka yi shekara da shekaru ana ce wa marar kunya, in ya ji kalmar daga bakin wanda ya ɓata wa rai, ba ya tsayawa tambayar wacce ake nufi.

"Kin ji ko?" ya ce wa matarsa. "Jarrabawa ce. So yake ya ga ko ina da kunya. Wallahi sai na nuna masa kunyar da bai taɓa gani ba."

Maman Auta ta girma ne a hannun kakarta mai gona, tun kafin ya rufe baki ta gane. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dube shi ya naɗe hannu ya sunkuyar da kai, ya yi shiru kamar sabon ɗalibi. Tunda ta aure shi ba ta taɓa jin irin wannan shirun ba, ko a barci mutumin surutu yake. Ta rufe bakinta, ta gyara zama.

"Allah ya ba da sa'a, Baban Auta," in ji ta.

Lambun kuwa sai wanda ya gani. Shingen furanni ya kewaye shi, ga ƙaramar ƙofar katako, ga hanyar tsakuwa ta ratsa tsakiya. Dama tumatir ne da barkono, hagu lemo da gwanda da mangwaro, ga famfo da tiyo a naɗe. Can ƙarshe, bayan ayaba, ga kunyoyi a jere. A tsakiyar lambun kuma an kafa mutum-mutumin korar tsuntsaye, ƙirjinsa a waje, ciyawa na leƙowa ta tsumma, amma a kansa akwai tsohuwar hular Alƙali.

Da Almakashi ya ga hular nan gabansa ya faɗi. Ya koma ɗaki da sauri ya ciro rigarsa mafi kyau ya sa wa mutum-mutumin, yana kawar da kai har ya gama ɓalla maɓallai. Daga ranar ya ɗauke shi wakilin mai gida.

Kowace safiya sai ya yi wanka, ya sa doguwar riga da hula, ya tsaya a ƙofar lambu ya yi sallama. Ba ya shiga sai an amsa. Wani lokaci akuyar maƙwabta ce ke amsawa ta bayan shinge, wani lokaci sai ya daɗe a tsaye, rana na dukansa, har wani zakara ya tausaya masa. In ya shiga ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban mutum-mutumin.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya tsuntsaye?"

Ban ruwa kuwa da baya yake yi. A ganinsa ban ruwa wanka ne, kuma mai kunya ba ya tsayawa ya zuba wa mai wanka ido. Sai ya juya wa tumatir baya, ya ɗora tiyo a kafaɗa, ruwa na zuba inda Allah ya nufa, rabi a kan barkono, rabi a cikin wuyan rigarsa. 'Ya'yan gwanda da ya ga sun yi reto a fili, manya-manya, ko mayafi babu, ya yi salati ya ɗauko ƙyallayen askinsa, waɗanda ba ya tafiya ko'ina ba su, ya ɗaure wa kowace bishiya ɗaya a wuya. In zai tsinki tumatir sai ya nemi afuwa. Da ya ga ƙudan zuma na shiga fure yana fita, ya yi masa gyaran murya har sau da yawa, da ƙudan ya ƙi ji sai shi ya bar wurin.

Maman Auta kuwa ta shimfiɗa tabarma a barandar gaba, ta kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ta yi barcin da ta daɗe tana bin kanta bashi. In ya dawo jiƙe sharkaf ya fara ba ta labari da raɗa, sai ta ce, "A hankali dai, Baban Auta, kada wakili ya ji." Nan take ya haɗiye sauran.

Matsalar ta taso ne daga hanyar tsakuwa. Almakashi ya yanke cewa bin tsakiyar hanya ƙirji a buɗe, a gaban wakili, aikin fitsararru ne. Mai kunya raɓe-raɓe yake yi. Don haka sai ya riƙa bin gefen shinge a duƙe, ido a ƙasa, yana zagayawa ta bayan ayaba, ta kan kunyoyin nan. Wata safiya ƙafarsa ta harɗe da tiyo, ya yi tuntuɓe da tudun farko, na biyu ya karɓe shi, na uku ya juya shi. Ya tsinci kansa a rigingine, ƙafafu a sama, riga ta rufe masa fuska, gajeren wandonsa mai zanen kifi na kallon mutum-mutumin.

Akuya ta yi kuka ta bayan shinge. Almakashi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da ya miƙe ya kakkaɓe jikinsa, sai ya tsaya ya dubi wurin da idon sana'a. Tudu, kwari, tudu, kwari, ga wasu 'yan silalan ganye a langaɓe sun tsaya cirko-cirko a kai. Askin ɗan koyo ke nan, irin wanda in ya gani a kan mutum yake cewa a kai wanda ya yi shi kotu.

"Yo ta ina mutum zai riƙe kunya a irin wannan ƙasa?" ya ce. "Ai wancan bawan Allah da aka kora ma ba laifinsa ba ne."

Ya ɗauko shebur da manjagara a ɗakin kaya. Ya cire silalan ganyen nan ɗaya bayan ɗaya, ya tara su ƙarƙashin mangwaro, ya rufa musu buhu, don mai aski na ƙwarai ba ya barin gashi a warwatse. Sannan ya hau baje ƙasa. Ya baje, ya share, ya ja da baya ya karkata kai ya duba, ya dawo ya gyara gefe. Kafin la'asar wurin ya yi sumul, tal kwabo. Ya ɗauko madubi ya nuna wa mutum-mutumin ta baya, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya gama wa aiki.

Kwanaki kaɗan bayan haka mota ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Auta ce ta tuƙo surukinta. Ta fito tana kallon fuskar uwarta, tana neman alama. Alƙali ya amsa gaisuwa a taƙaice, ko ruwa bai sha ba ya nufi baya, sauran suka bi shi.

A ƙofar lambu Almakashi ya sha gabansa ya yi sallama, ya tsaya sauraro.

"Wa muke jira?" in ji Alƙali.

"Yanzu za ta amsa, ranka ya daɗe. Wani lokaci tana nesa."

Alƙali ya ture ƙofa ya shiga. Ya dubi gwanda sanye da ƙyallen aski. Ya dubi mutum-mutumi cikin riga mai guga. Ya dubi tumatir, rabi ya bushe, rabi ya yi iyo. Ya wuce bayan ayaba, nan ya ja ya tsaya.

"Ina kunyata?"

"Tana nan lafiya lau, ranka ya daɗe," in ji Almakashi, ido a ƙasa, yana murmushin wanda ya ci jarrabawa. "Tunda na zo ko ido ban ɗaga ba. Tambayi wakilinka."

"Malam, kunyoyin da na bari a nan. Ina suke?"

Kunyoyi. Kalmar ta shiga kunnen Almakashi ta zauna. Kunyar da ya sani ba ta da jam'i. Ya dubi filin da ya baje, ya dubi manjagara a jingine, ya juya ya dubi matarsa. Maman Auta ta dafe ƙirji, don ita ba ta taɓa leƙowa bayan ayaba ba.

"Na shiga uku," ta ce. "Ni na ɗauka sallamar kawai kake yi."

"Dankalinta ne," in ji Alƙali. Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi sauƙi. "Irin da marigayiya ta kawo da hannunta. Kowace shekara nake yankan yaɗonsa in sake dasawa. Ba ni da wani."

Auta ba ta yi kuka da sauti ba. Ta sa gefen mayafi ta rufe baki, ta juya ta koma cikin gida, uwarta ta bi ta. Almakashi ya bi bayan 'yarsa da kallo, ya ji wani abu ya taso masa daga ciki, kunnuwansa suka ɗau zafi. Bai taɓa jin irinsa ba, amma ya gane shi. Duk kwanakin nan da yake durƙusa wa tsumma, wasa ne yake yi. Kunyar gaske, ita ce wannan.

"Ganyen," in ji Alƙali can. "Ina ka zubar?"

"Ban zubar ba. Ba na zubar da gashi."

Ya kai shi ƙarƙashin mangwaro ya ɗaga buhu. Allah da ikonsa, nan ne tiyo ke yoyo. Yaɗon dankali na kwance a inuwa cikin danshi, wasu ma har sun fitar da fararen saiwoyi. Alƙali ya durƙusa ya ɗauki ɗaya, ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Sannan ya miƙe ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshe.

"Ɗauko fartanya biyu," ya ce. "Wanda ya baje, shi zai tayar."

Haka dattawa biyu suka duƙa cikin rana. Alƙali na jawo ƙasa ta nan, Almakashi ta can, tudu na tashi a tsakaninsu. Na Alƙali a miƙe, na Almakashi kuwa sai ya riƙa saisaye gefe, har sai da aka ce masa dankali ba ya bukatar gyaran fuska. Zufa ta jiƙe musu singileti.

Suna kusa da bishiyar lemo Alƙali ya ɗago da sauri don ya miƙe baya. Wani reshe mai ƙaya ya kama hularsa ya riƙe. Hula ta tsaya a sama tana lilo, mai ita ya tsaya a ƙasa.

Almakashi ya ga kan.

A duk shekarunsa na aski bai taɓa ganin irinsa ba. Nan furfura ta yi tudu, nan almakashi ya ci har fata, can wani tsagi ya tafi a karkace ya ɓata a hanya, ƙeya kuwa ba a taɓa ta ba sam, ta yi tsiri. Maganganu suka taso masa a guje suna turereniya a bakin leɓe, kowace ta fi 'yar uwarta daɗi. Ya ga shagonsa cike, ya ji dariyar da za a yi. Labarin nan shi kaɗai zai riƙe masa kasuwa har ƙarshen shekara.

Ya miƙa hannu ya zare hular daga ƙaya, ya kakkaɓe ta, ya miƙa da hannu biyu, idonsa a kan fartanya.

Alƙali bai karɓa ba.

"Faɗi mana," ya ce. "Ai ka tambaya a gaban jama'a. Ga abin da aka binne."

"Ban ga komai ba, ranka ya daɗe."

Dattijon ya shafa kansa a hankali, yatsunsa na hawa suna sauka.

"Marigayiya ce take mini aski. Tun muna yara, da ɗan almakashinta na ɗinki. Da ta tafi na kasa kai wa wani. Sai nake yi da kaina, ba madubi. Ba na son ganin wanda ke tsaye a bayana, don ba kowa."

Tausayi ya kama Almakashi har idonsa ya kawo ruwa. Suka tsaya haka, hula a tsakaninsu, akuya na leƙe ta shinge.

Can Alƙali ya yi ajiyar zuciya, ya jawo bokiti ya kife, ya zauna a kai.

"To, gwanin baje kunya," ya ce. "Ga wata."

Almakashi ya je ya kwance ƙyalle daga wuyan gwanda, ya ba ta haƙuri, ya zo ya ɗaura wa surukinsa. Ya zaro almakashi da tsefe daga aljihun rigar da ke jikin mutum-mutumi. Ya fara ta ƙeya, a hankali, da hannun nan mai daɗi. Ba a jin komai sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe da yoyon tiyo. Bai ɗauko madubi ba. Da ya gama ya tattara furfurar tsaf a ƙyalle, ya naɗe.

A nan Auta ta same su, ta fito da ruwa a tire, idanunta jawur. Ta ga surukinta zaune a kan bokiti, kai ba hula, aski fes, yana miƙa wa babanta yaɗon dankali. Ta ga babanta durƙushe yana cusawa a kunya. Hular na rataye a reshen lemo, ba wanda ya kula ta.

"Ajiye nan, 'yata," in ji Alƙali. "Ba wa babanki tukuna, shi ya fi shan rana."

Ta miƙa wa babanta kofi, ta sunkuyo daidai kunnensa.

"Baba, me ya faru? Me ka gani? Me ya ce maka?"

Almakashi ya shanye ruwan, ya goge baki, ya mayar mata da kofin.

"Dankali muke dasawa," ya ce. "Matsa, kina taka kunya."